Kafin Ka Bar Gaban Kanta: Abin Yi Idan An Caje Ka Fiye da Kima a Gidan Burodi

Wata safiya na shiga wani gidan burodi, na ɗauki burodi biyu da ƙaramin kwalin kek, na miƙa kati, na'ura ta yi ƙara, na suri ledata na fice. Sai da na isa gida na zaro rasit daga ƙasan ledar, har ya ɗan sha maiƙo, na ga kek ɗin an buga shi sau biyu, layi ɗaya a ƙarƙashin ɗan'uwansa. Kuɗin ba wasu masu yawa ba ne. Abin da ya tsaya min a rai shi ne da na koma da yamma, yarinyar da na tarar a kan kanta ta ce ba ita ce da safe ba, manaja ya fita, ita kuma ba ta da hurumin taɓa cinikin da aka riga aka rufe. Duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Ni ne na yi sakaci har lokacin da maganar take da sauƙi ya wuce.

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo min irin wannan kuka abu biyu nake fara gaya masa. Na ɗaya, ƙarfin hujjarka yana cikin ɗan lokacin nan da ke tsakanin biyan kuɗi da barin gaban kanta. Na biyu, kuɗin da aka cire maka magana ce guda, yadda aka yi maka magana kuma wata ce daban. Wanda ya cakuɗa su wuri ɗaya yakan tashi ba tsuntsu ba tarko.

Ka san ta inda kuskuren ke shigowa

A babban kanti kusan kowane kaya yana ɗauke da zanen layi-layin nan da ake kira bakod. A haska shi, na'ura ta fito da farashi da kanta. Tun 1974 aka fara haka, a wani kanti da ke garin Troy a jihar Ohio ta Amurka, kuma fakitin cingam ne kayan farko da aka haska. To amma burodin da ya fito daga tanda yanzu-yanzu ba shi da bakod. Mai karɓar kuɗi ce za ta dube shi da ido, ta laluɓo maɓallinsa a allo, ta danna. Ga layi ya miƙe har bakin ƙofa, ga wani yana tambayarta daga gefe ko akwai mai zafi, ga hannu ɗaya yana naɗe kaya. A nan ake danna abu sau biyu, ko a danna babba alhali ƙarami ka ɗauka, ko a buga maka mai haɗi a madadin wanda ba haɗi, tunda a ido kusan kamarsu ɗaya.

Rangwame ma yana kawo rikici. A manna takarda a gilashi cewa an yi ragi, amma ba wanda ya shigar da sabon farashin a na'ura. Ko kuma wa'adin ragin ya ƙare tun jiya, an manta ba a ɓamɓare takardar ba. Kayan da ake sayarwa bisa awo kuwa suna da tasu matsalar: ya kamata a ɗora kwali a sikeli tukuna, a mayar da sikelin sifiri, sannan a zuba kaya. Idan aka tsallake wannan, ka biya kuɗin kwali da farashin kek. Akwai kuma wanda mutane ba su cika lura da shi ba, wato kayan wanda ya gabace ka ya fasa saye, aka bar su maƙale a allo, aka ɗora naka a kai.

Sai dai ba kowane ƙari ba ne cuta. A Amurka, yawanci farashin da ke jikin kaya bai haɗa da harajin sayarwa ba, sai an zo kanta ake ƙara shi a inda ake karɓarsa. A Birtaniya, burodi da kek da za ka tafi da su gida ba a ɗora musu harajin VAT, amma da zarar ka ce a nan za ka zauna ka ci, harajin kashi 20 cikin 100 ya hau. Shi ya sa ake tambaya, "A nan za ka ci ko tafiya za ka yi da shi?" Amsar da ka bayar, ko maɓallin da aka danna maka bisa kuskure, na iya sauya lissafin. Wasu wuraren kuma suna karɓar kuɗin leda, ko kuɗin rubuta suna a kan kek. Ka tantance waɗannan kafin ka ɗaga murya, kada ka zo kana neman inda za ka sa kanka don kunya.

Mataki na farko: tun kafin ka biya

Ka yi ɗan lissafi a kai yayin da kake cikin layi. Ba sai ya zama daidai cif ba, kintace ya isa. Idan adadin da aka faɗa ya yi nisa da naka, ka ce, "Malama, don Allah ki karanta min abin da kika buga." Da kati za ka biya, ka dubi adadin da ke fuskar na'urar POS kafin ka sa lambar sirri ko ka kara katin. A ƙananan shaguna da yawa ba a haɗa na'urar kati da ta lissafi ba, da hannu ake sake buga adadin, kuma sifiri ɗaya da ya ƙaru ya ninka kuɗin sau 10. Da tsabar kuɗi za ka biya, ka faɗi abin da ka miƙa da bakinka yadda za ta ji, sannan ka ƙirga canjinka a gabanta.

Na biyu: ka karɓi rasit, ka karanta shi a tsaye

Mutane da yawa idan an ce "Kana son rasit?" sai su girgiza kai. Kada ka yi haka. Ita na'urar lissafin nan asalinta ba don kai aka ƙirƙiro ta ba. Wani mai mashaya a garin Dayton na Amurka, James Ritty, shi ya yi mata rajista a 1879 don ya hana yaran shagonsa yi masa ɗauki-ɗai-ɗai da ciniki. Mai shago ta zo karewa. Rasit ɗin da take fitarwa shi ne rabon mai saye a cikinta, to don me za ka bar musu shi a kwandon shara?

Ka ɗan matsa gefe, ka ba na bayanka wuri, amma kada ka fita. Ka dubi abu huɗu: sunan kowane kaya, adadinsa, farashin ɗaya, sai jimla. Ka ƙirga layukan rasit, ka ƙirga abin da ke cikin leda. Idan an yi maka alkawarin ragi, ka nemi layin da ya nuna an cire shi. A sama ko ƙasan takardar akwai kwanan wata, lokaci, lambar ciniki, wani sa'in har da lambar kanta. Da waɗannan ne manaja zai gano cinikinka cikin ɗaruruwan na ranar. Ka ɗauki hoton rasit ɗin nan take, domin takarda ce da zafi ke yi wa rubutu, ba tawada ba. Ta sha rana ko maiƙo, rubutun ya dushe.

Idan saɓanin tsakanin rasit ne da farashin da aka rubuta a gilashi, je ka ɗauki hoton takardar farashin tare da kayan a hoto guda, kafin ka yi wa kowa magana. Na sha ganin an cire takardar cikin minti ɗaya da soma ƙorafi. Ba lallai don mugunta ba, gyara kuskurensu suke yi, amma hujjarka ta tafi ke nan.

Na uku: yadda za ka buɗe maganar

A nan ne yawancin mutane ke ɓata rawarsu da tsalle. Mutum ya dawo da fushi, kalmar farko da za ta fito daga bakinsa ita ce "kun cuce ni". Daga nan wadda ke gabansa ta daina duba rasit, ta koma kare mutuncinta, kuma ba wanda zai ga laifinta.

Ka ajiye rasit da kaya a kan kanta, ka ɗora yatsa a kan layin, ka ce: "Malama, sannu da aiki. Kek ɗaya na ɗauka, ga shi, amma a nan ya fito sau biyu. Don Allah duba min." Ka faɗi abin da ka gani, ka bar niyyar zuciyarta. Ba ka san ta ba, kuma ba ka buƙatar saninta kafin a mayar maka da kuɗinka. Daga nan sai ka yi shiru. Shirun nan yana aiki ƙwarai, domin ya bar mata hanyar cewa "Wallahi kuskure ne, yi haƙuri" ba tare da ta ji an tozarta ta a gaban jama'a ba.

Idan ta ce ba za ta iya gyarawa ba, sau da yawa gaskiya ta faɗa. A shaguna masu tsari, soke ciniki ko mayar da kuɗi sai da lambar sirrin manaja ko katinsa, don kada ma'aikaci ya riƙa soke cinikin gaskiya yana zuba kuɗin a aljihu. Saboda haka kada ka tsaya ja-in-ja da ita. Ka ce, "Ba komai, wa ke da ikon gyarawa? A kira min shi, zan jira."

Na huɗu: da manaja

Ka maimaita masa a taƙaice, da hujja a hannu, sannan ka faɗi abin da kake so ƙarara: "Yallaɓai, so nake a mayar min da bambancin ta hanyar da na biya." Wanda bai faɗi abin da yake nema ba, abin da ya fi wa shago sauƙi za a ba shi.

Da kati ka biya, ka tambaya ko za a iya soke cinikin gaba ɗaya a sake bugawa daidai. Sokewa da mayarwa ba ɗaya ba ne. Idan aka soke a ranar, kafin shago ya rufe lissafin katunansa ya tura wa banki, kuɗin da aka riƙe sukan sako da wuri. Idan kuwa an riga an tura, sai dai a yi maka mayarwa, ita kuma takan ɗauki kwanakin aiki kafin ta bayyana a asusunka. Ko wanne aka yi, na'ura tana fitar da takardar shaida. Ka karɓe ta. Kada ka yarda da "je ka, za ka ga alat".

Da tsabar kuɗi ne, kuma gardamar a kan canji ce, kai ka ce babbar takarda ka bayar ita ta ce ƙarama, akwai hanyar raba gardama. Na'ura ta san nawa ya kamata a samu a aljihun tebur. Ka roƙi manaja ya ƙirga. Idan kuɗin sun haura lissafi da daidai abin da kake nema, magana ta ƙare. In ya ce cunkoso ba zai bari a ƙirga yanzu ba, sai an tashi, wannan uzuri ne karɓaɓɓe. Ka sa ya rubuta sunanka da lambar wayarka da adadin, kai ma ka rubuta sunansa da lokacin da kuka yi maganar. Inda akwai kyamara a saman kanta, ka nemi a duba da wuri, domin na'urorin sukan goge tsohon hoto su ɗora sabo.

Wani manajan zai ce a ƙara maka burodi ɗaya a bar maganar. Gyara tsohuwar ɗabi'a ce ta masu wannan sana'a. A Ingila har yau idan an ce dozin na mai burodi, 13 ake nufi ba 12 ba, kuma ana danganta hakan da wata dokar ƙarni na 13 da ta ƙayyade nauyin burodi da farashinsa, har masu gasawa suka riƙa ƙara ɗaya don gudun a kama su da tauye awo. In kana son gyaran, ka karɓa. Amma zaɓinka ne. Ni dai a wurina gyara a kan haƙƙi ake ɗora ta, ba a madadinsa ba.

Dole ne su sayar maka a farashin da suka rubuta?

Mutane da yawa suna ɗaukar haka ne, kuma ba ko'ina ba ne. A dokar Ingila, wadda ƙasashe da dama suka gaji tsarinta, kayan da aka jera da farashi gayyata ce kawai, ciniki bai faɗa ba sai an zo kanta mai shago ya amince. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da haka a 1953 a shari'ar da ta shafi Boots, wani kamfanin kantunan sayar da magani. Ma'ana, in sun gano kuskure kafin ka biya, suna iya cewa ga farashin gaskiya, ka saya ko ka bari. Abin da ba su da ikon yi shi ne su rubuta farashi ɗaya su riƙa karɓar wani a ɓoye. Wannan yaudara ce, kuma dokokin kare masu saye na ƙasashe da yawa sun hana ta.

Wasu wuraren ma sun wuce nan. A Kanada akwai wani tsari na sa-kai da manyan kantuna suka shiga tun 2002: idan na'ura ta haska farashin da ya fi na kan shiryayye, kayan da bai wuce dala 10 ba kyauta ake ba ka, wanda ya wuce kuma a rage maka dala 10. A jihar Michigan ta Amurka doka ce: ka sanar da mai shago cikin kwana 30 da rasit ɗinka, ya biya ka bambancin, ya ƙara maka ninkinsa 10, kada ƙarin ya gaza dala 1 ko ya wuce dala 5. Waɗannan na kayan da na'ura ke haskawa ne, kuma na wurarensu ne. Na kawo su ne don ka ga yadda dokoki suka bambanta, ka bincika ta inda kake kafin ka ce wa manaja "doka ta ce".

In ka riga ka isa gida

Kada ka jefar da komai. Ka ɗauki hoton rasit da kayan tare, kafin yara su far musu. Ka kira lambar da ke jikin rasit a ranar, ka ba da lambar ciniki da lokaci, ka tambayi sa'ar da manaja yake nan. Ba sai ka sha wahalar zuwa ka tarar ba ya nan kamar yadda na yi ba. Shago na iya duba adadin abin da ya gasa da abin da ya rage, amma kayan gidan burodi na yini ɗaya ne, bayan kwana biyu wannan hanyar ta toshe.

In kuma a asusun banki ka ga an cire kuɗin sau biyu, duba da kyau ko ɗaya daga ciki riƙewa ce kawai da ba a kammala ba. Hakan na faruwa idan na'ura ta ce ciniki bai shiga ba aka sake sa katin. Irin wannan riƙon yakan saki da kansa. Amma ka adana takardar da ta nuna bai shiga ba, ita ce za ta cece ka in bai saki ba.

Maganar wulaƙanci

Yanzu mu zo ga ɗaya ɓangaren, wanda sau da yawa shi ya fi ciwo. An yi maka tsaki, an juya maka baya, ko an ce maka "a kan wannan ɗan kuɗin?" a gaban mutane. Kana da haƙƙin kai kuka. Tun a ranar 15 ga Maris, 1962, shugaban Amurka John Kennedy ya lissafa wa majalisar dokokin ƙasarsa haƙƙoƙi 4 na mai saye, ɗaya daga ciki shi ne a saurare shi, kuma ranar ce ake tunawa duk shekara a matsayin ranar haƙƙin masu saye ta duniya.

Amma ka bari sai kuɗi sun dawo, zuciya ta yi sanyi, sannan ka rubuta. Ka aika wa mai shagon, ko ofishin kula da abokan ciniki in kamfani ne mai rassa. Ka rubuta abin da aka faɗa da abin da aka yi, ka bar siffanta mutum. "Ba ta da tarbiyya" hukunci ne, ba wanda zai iya bincikarsa. "Na nuna mata rasit, ta ce ba ruwanta, ta kira na bayana" kuwa abu ne da manaja zai iya tambaya a kai, ya duba kyamara. Ga yadda zai iya kasancewa:

"Ranar kaza da misalin ƙarfe kaza na yi sayayya a reshenku, ga hoton rasit. An buga min kek sau biyu, kuma an mayar min da bambancin, na gode. Abin da ya sa na rubuto shi ne, da na nuna kuskuren an ƙi duba rasit ɗin, an kuma ƙi kiran manaja sai da na nema sau uku. Ina so a sanar da ni matakin da aka ɗauka, kuma zan so in ji daga gare ku cikin kwana 14."

Iyakarsa ke nan. Shafi uku na ɓacin rai ba wanda zai karanta. Kada kuma ka nemi a kori kowa. Wataƙila ranarta ta biyu ke nan a aiki, wataƙila ita kaɗai aka bari a kanta tun asuba, kuma wannan laifin wanda ya tsara aikin ne. Ka faɗi abin da ya faru, su da suka san gidansu su yanke.

Batun wallafawa a Facebook ko wurin ba shaguna maki a Google, ni ina ajiye shi sai an yi biris da ni. In za ka yi, ka tsaya kan abin da rasit zai tabbatar. Kada ka sa hoton ma'aikaciya ko sunanta, kada kuma ka kira kowa ɓarawo. Kuskuren maɓalli ɗaya bai kai a yi wa mutum tambari a intanet ba, kuma zargin da ba ka da hujjarsa na iya juyowa kanka.

In sun ƙi

Da kati ka biya, ka kai ƙorafi bankinka cewa an cire adadin da ba daidai ba ko an cire sau biyu. Tsarin Visa da Mastercard duk suna da hanyar janyo kuɗi daga wurin ɗan kasuwa a irin wannan hali. Banki zai tambaye ka ko ka fara tuntuɓar shagon, a nan hoton rasit da saƙon da ka aika za su yi maka rana. Akwai wa'adi. A Amurka, alal misali, wata doka ta 1974 ta ba mai katin bashi kwana 60 daga ranar da aka aiko masa da takardar lissafi ya rubuta ƙorafinsa. Ka tambayi bankinka nasu wa'adin tun ranar farko.

Sai hukumar kare haƙƙin masu saye, ko ta kula da awo da sikeli in matsalar ta awo ce. Kai su a kan kuskure ɗaya da aka gyara maka ɓata lokacin kowa ne. Amma in ka lura abin ya zama jiki, wato ka nuna musu saɓanin farashi, ka dawo bayan mako ka tarar takardar tana nan kuma na'ura tana cire na sama, to wannan ya wuce kuskure. Ka haɗa rasit biyu ko uku masu kwanan wata daban-daban da hotunan takardar farashin, ka miƙa. Ɗan abin da aka ƙara maka, an ƙara wa duk wanda ya tsaya a layin nan.

Ni nawa ya ƙare ne a zuwa na uku, da na tarar da manajan. Ya buga lambar cinikin, ya ga layukan biyu duk a cikin minti guda, ya mayar da kuɗin a katina, ya miƙo min takardar shaida. Na maƙala ta a jikin rasit ɗin na asali, na sa a aljihun jaka, ban yaga su ba sai ranar da na ga kuɗin sun shiga.